Yadda ake bin sawun kakan da ya yi sojan Faransa

Gidaje da yawa a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Ƙonni suna da labarin wani kaka da aka ɗauka soja zamanin Nasara. Wani ya komo da lambobin yabo a ƙirji, wani kuma tun da ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sunayen da dama daga cikinsu suna nan a rubuce cikin kundaye a Faransa da Dakar, kuma jikokinsu na da damar nema. Abin da ke sauƙaƙa neman shi ne lambar da aka ba mutum ranar da aka ɗauke shi, wadda ake kira matirkil.

Waɗanda aka ɗauka

A 1857, zamanin Gwamna Faidherbe, aka kafa rundunar Tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal take ɗauke da shi, amma daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki ake zuba mata samari. Dokar 1912 ta kawo ɗaukar soja na dole, ta 1919 kuma ta tsayar da aikin a shekara uku. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an ɗauki kimanin mutum 200,000, kusan 30,000 suka rasu. Wasu sun yi yaƙin 1939 zuwa 1945, wasu na Indocin, wasu na Aljeriya.

Kwamanda kan yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo. Shi ya sa wani lokaci akan tura bara ko ɗan talaka a madadin wanda aka kira, har ya tafi da sunan da ba nasa ba. Mai bincike ya riƙe wannan a zuciya tun farko.

A fara daga gida

Kafin a rubuta wa kowane ofishi, sai a zauna da tsofaffin gida. A tambayi sunan yanka na sojan da laƙabinsa, sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, garinsu, da sarkin da ke kan gado lokacin. In ba a san shekara ba, a auna da abin da kowa ke tunawa, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917.

Sannan a buɗe tsofaffin akwatuna. Abubuwan da ake nema su ne ɗan littafin soja mai suna livret militaire, katin tsohon soja mai suna carte du combattant, takardar fansho, takardun lambobin yabo, da ɗan ƙarfen shaida da soja ke ɗaurawa. Kusan dukansu na ɗauke da matirkil. A ɗauki hotonsu da waya nan take, domin gara da damina ba sa jira.

Batun wasiyya

Dokar Faransa ta yarda sojan da ke fagen fama ya yi wasiyya a gaban hafsa da shaidu biyu. Irin wannan wasiyya na daina aiki wata shida bayan ya komo inda zai iya yin ta yadda aka saba. Sojojin Faransa da yawa sun rubuta tasu da hannunsu a 1914, kuma shirin Testaments de Poilus ya sanya wasu ɗaruruwa a intanet, waɗanda aka tsamo daga takardun masu rajistar gado na Paris da kewayenta. Sojojin Ingila su ma suna da shafin wasiyya cikin littafin albashinsu.

Ga sojojinmu abin ya bambanta. Yawancinsu ba su rubutun Faransanci, kuma gadonsu bisa shari'a da al'ada ake raba shi a gida. Wasiyyarsu ta baki ce, ko ƴar wasiƙar ajami da wani malami a bariki ya rubuta musu. Irin wannan takarda a gida ake samun ta, cikin gafaka ko tsakanin littattafan malamin zuri'a. In an same ta, tana iya nuna sunan mata da ƴaƴa, gona, bashi, da garin da aka rubuta ta. In babu, takardun aikin soja ne madogara.

Inda takardun suke

Wanda ya rasu a bakin aiki, a fara nemansa a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa. Kyauta ne. Yana da katunan mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da suka mutu a yaƙin farko, da jerin na yaƙoƙin da suka biyo baya. Katin na nuna muƙami, bataliya, matirkil, ranar rasuwa, wurin da sanadinta. A shafin kuma akwai littattafan da bataliyoyin yaƙin farko ke rubuta tafiyarsu kullum, inda za a ga ko ta shiga faɗan Chemin des Dames na Afrilun 1917.

Wanda ya komo da rai, cibiyar adana takardun sojoji ta CAPM da ke birnin Pau ake rubuta wa. Abin da ake roƙo shi ne takardar da ake kira état signalétique et des services. Ita ke jera ranar ɗauka, ko da son rai ya shiga ko kiransa aka yi, rundunonin da ya zauna, ranar da ya hau jirgin ruwa, raunuka, yabo da ranar sallama. Da Faransanci ake rubuta wasiƙar, a haɗa da shaidar dangantaka. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, ta gidan waya ko intanet ake aikawa.

Takardun mamata da fursunonin yaƙi na biyu suna sashen tarihin tsaro da ke Caen. Ƙungiyar agaji ta CICR a Janeba ita ma tana da katunan fursunoni. Rahotannin ɗaukar soja kuwa, ana samunsu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, da na Dakar, hedkwatar mulkin Afirka ta Yamma a da.

Tarkon suna da wuri

Magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Mahamane na iya zama Mamane ko Maman, Issoufou ya zama Youssoufou. Wani an haɗa sunansa da na uba, wani da na garinsu. A gwada kowane salo. Shekarar haihuwa ma yawanci kintace ce. Haka wuri: Nijar ba ta zama koloni mai zaman kanta ba sai 1922, kuma Zinder ce hedkwata har 1926, don haka tsofaffin katuna kan ce Territoire militaire du Niger ko Haut-Sénégal-Niger. In sunaye sun yi kama, matirkil da sunan iyaye ne ke raba gardama.

Wasu samarin sun tsallaka Najeriya don gudun ɗauka, wasu kuma a can suka shiga sojan Ingila har suka je Bama. Mamatansu a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta CWGC ake nemansu.

Maganar kuɗi

Dokar 26 ga Disambar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, kuma ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 1 ga Janairun 2011. Sai dai fanshon mamaci na matarsa ne da marayunsa ƙanana, ba ya kaiwa ga jikoki. Duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin fito da dukiyar kaka, a guje shi. Abin da binciken ke samar wa zuri'a shi ne cikakken sunan kakansu, inda ya bi, da inda aka binne shi.