Jirgin fasinjan da ya zama na yaƙi, ya tarwatse a saman Ikko

Kafin gari ya waye ranar 7 ga Oktoba 1967, mutanen Ikoyi da Obalende a Ikko suka farka da ƙarar bindigogin kakkaɓo jirgi, sannan wata ƙara mai tsanani ta biyo baya. Jirgin Biyafara ne ya zo kai hari barikin Dodan, mazaunin Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon, ya tarwatse a sama. Duk waɗanda ke ciki, Turawa sojan haya da 'yan Biyafara, babu wanda ya tsira.

Abin da ya sa labarin ya fita daban shi ne jirgin ba na yaƙi ba ne tun asali. Fokker F27 ne, mallakar kamfanin Nigeria Airways, irin wanda ke jigilar fatake da ma'aikata tsakanin birane. Ranar 23 ga Afrilu 1967 ya tashi daga Binin zai tafi Ikko, sai wasu daga cikin fasinjoji suka tilasta wa matuƙin ya karkata zuwa Inugu. A lokacin ko Biyafara ba a ayyana ba. Sai ranar 30 ga Mayu Laftana-Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara, yaƙi kuma ya ɓarke ranar 6 ga Yuli.

Inugun da jirgin ya sauka ba ita ce wadda Hausawa suka sani ba. Garin nan ne fa ya zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi kudu, ya zama magajin garinsa na farko. A Anaca da Fatakwal ma 'yan Arewa sun daɗe da kafa unguwanni, da masallatai da sarakunan Hausawa, suna kawo shanu da wake da albasa. Shekarar 1966 ce ta rushe wannan zama. An kashe Ibo da yawa a biranen Arewa, abin kunyar da ba ya ɓoyuwa. Aka yi ramuwa a kan 'yan Arewa a Fatakwal da wasu garuruwan Gabas, sannan a watan Oktoba Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ya fice. Mutane suka bar gidaje da rumfuna, suka cika jirgin ƙasa zuwa Arewa.

Biyafara ta shiga yaƙi da jirage 'yan kaɗan. Mafi suna shi ne B-26, tsohon jirgin Amurka da Jan Zumbach ya tuƙa, mutumin Poland wanda ya yi wa Ingila yaƙin sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya kai hari Makurɗi, har Kano ya taɓa. Amma jirgi ɗaya ba ya riƙe yaƙi, shi ya sa aka waiwayi Fokker. Ba shi da sulke, ba shi da ma'ajiyar bam a ciki, ba shi da na'urar auna inda bam zai faɗa. Bama-baman ma ƙirar gida ne, da hannu ake tura su ta ƙofa.

Ranar 4 ga Oktoba rundunar farko ta sojan tarayya, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ta kama Inugu, aka tarar da B-26 a filin jirgi. A cikin wannan wata kuma rundunar Murtala Muhammad ta yi ta fafutukar ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca, yunƙurin da ya ci rayukan sojoji masu yawa. Kwana uku bayan faɗuwar Inugu, hedikwatar Biyafara, aka tura Fokker Ikko. Gwamnatin tarayya ta ce harbo shi aka yi. Wasu marubuta sun ce bam ɗinsa ne ya fashe tun yana ciki. Ko wanne ne gaskiya, a ganina wanda ya ɗora mutane a jirgin fasinja cike da irin waɗannan bama-bamai, ya aika su barikin da ya fi ko'ina tsaro a ƙasar, ya san da wuya su dawo. Kuma da harin ya kauce kaɗan, talakawan Obalende, tsohuwar unguwar da Hausawa ke zaune a gefen barikin, su ne za su kwana a ciki.

Anaca ta faɗa hannun tarayya a watan Maris 1968, Fatakwal a watan Mayu, yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Sannu a hankali fatake suka koma, unguwannin Hausawa suka sake cika.

Sauran dattawan da suka ga ficewar 1966 da komawar bayan yaƙi suna ta ƙarewa. Ina kira ga sarakunan Hausawa na Inugu da Anaca da Fatakwal, da ɗaliban tarihi na jami'o'inmu, su zauna da su, su ɗauki maganarsu, su rubuta ta da Hausa tun suna da rai.