Ginin Jakadanci da Aron Kamanni: Misali daga Addis Ababa

Kafin jakada ya buɗe baki, gininsa ya riga ya yi magana. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta haramta wa jami'an ƙasa mai masauki shiga harabar ofishin jakadanci sai da izinin jakadan, amma ba ta faɗi kamannin da ginin zai ɗauka ba. Wannan zaɓi ne na baƙo, kuma zaɓin siyasa ne.

Amurka ta zaɓi tsaro. Bayan hare-haren bam na 7 ga Agustan 1998 a kan ofisoshin jakadancinta na Nairobi da Dar es Salaam, dokarta ta 1999 ta wajabta tazarar ƙafa 100 tsakanin sabon gini da katangarsa.

Holand kuwa ta bi wata hanya a Habasha. Ofishinta na Addis Ababa, wanda Dick van Gameren da Bjarne Mastenbroek suka zana, aka kammala a 2005, dogon gini ne kwance cikin itatuwan turare. An rina kankarensa ya yi ja irin na ƙasar wurin, aka bar fuskarsa da kaushi, har mutum ya rantse sassaƙo shi aka yi, ba gina shi ba. Isharar a fili take: majami'un Lalibela, waɗanda aka fafe daga dutse wajen ƙarni na 12 zuwa na 13. A kan rufin kuma aka yi kwarin da ruwa ke kwanciya, don tunawa da magudanan ruwan Holand. Ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 2007.

To, girmamawa ce wannan ko ado da kayan aro? Masu suka na da hujja. Lalibela wurin ibada ne da talaka ke shiga ba takalmi, ofishin jakadanci kuwa wuri ne na tantance wanda zai shiga. Mai neman biza mai gadi yake fara gani, ba ruwan rufi ba.

Duk da haka ba na tare da su gaba ɗaya. Maginan ba su manna gicciyen Habasha a bango don burge 'yan kallo ba. Launi da nauyi da yadda gini ke zama a ƙasa suka ɗauka, wato sun yi karatun wurin kafin su ari wani abu daga gare shi. Ta fuskar fasaha ginin ya yi nasara. Batun buɗe ƙofa kuwa ba aikin mai zane ba ne, na ma'aikatar harkokin wajen Holand ne a birnin Hague.