Birkin Na'ura da Ƙafar Direba a Hanyoyin Omdurman

Tun kafin kwalta ta yawaita a Sudan, manyan motoci ƙirar Bedford, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila, su ne jigon sufuri tsakanin Omdurman da Kordofan da Darfur. Makanikan ƙasar suka sake musu fasali, aka laƙaba musu suna Sifinja. Ba su da wata na'ura mai hana taya ƙamewa, don haka ran fasinja yana ƙafar direba. Gwanin tuƙi yakan rage gudu da giya, sa'an nan ya taka birki ya saki, ya sake takawa, don kada taya ta ƙame motar ta sulale.

Wannan dabara ta taka-saki ita ce injiniyoyi suka miƙa wa na'ura. An fara da jiragen sama, inda birkin Maxaret na kamfanin Dunlop ya yi suna bayan 1950. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da birkin ABS mai aiki da lantarki. Na'urar tana auna juyawar kowace taya, da zarar taya ta kusa ƙamewa sai ta sassauta matsin, ta mayar, fiye da sau goma cikin daƙiƙa guda.

A kan kwalta mai santsi, kamar titunan Alsawra da Khartoum bayan ruwan Agusta, babu ƙafar da za ta kamo ta. Tayoyi suna ci gaba da juyawa, sitiyari yana bin hannu, direba ya kauce wa abin da ya tare shi. Amma a rairayi ko tsakuwa lissafin yakan sauya. Tayar da ta ƙame tana tara yashi a gabanta, tudun ya tsayar da mota. ABS kuwa yana hana ta ƙamewa, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. Shi ya sa wasu motocin jeji suke zuwa da maɓallin sassauta aikinsa.

Haɗarin yana wajen wanda ya saba da tsohuwar mota ya koma sabuwa. Idan ya ji birki yana rawa ƙarƙashin ƙafarsa ya saki, ya ɓata aikin na'urar. Ƙa'idar a nan ita ce ya danne da ƙarfi, ya riƙe, ya ci gaba da sarrafa sitiyari har motar ta tsaya.