Murɗar Cikin Doki da Jiyyarta a Yammacin Katsina

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun fi mai da hankali a kan mahayi, watau sunansa da kirarinsa da garin da ya ci ko ya ƙone. Dokin da ya kai shi fagen fama ba a cika tunawa da shi ba, balle yaron da ya kwana a turke yana tsaronsa. Alhali kuwa ingarma yakan dawo daga daga ba ko ƙwarzane, ya zo ya mutu a turkensa cikin dare ɗaya. Ciwon da ya fi yin wannan ɓarna shi ne wanda masu dawaki ke kira murɗar ciki, wasu kuma su ce ciwon ciki kurum. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka yi fama da shi a ƙasar Safana da Batsari, da abin da ilmin likitancin dabbobi ya tabbatar ko ya ƙaryata daga cikin dabarun mutanen da.

Ƙasar Kan Iyaka

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi wajen 1819. Tun daga nan yammacin Katsina ya zama hanyar mahara. A zamanin Sarki Siddiku, wanda aka tuɓe a 1844, mutanen ƙasar Ruma sun yi tawaye da goyon bayan Maraɗawa, aka murƙushe su, garuruwa da dama suka zama kufai, daji ya cinye gonaki. Sa'ad da Heinrich Barth ya fito daga Katsina a 1853 ya nufi Sakkwato, ta Kurfi da Zakka ya bi, daga Zakka kuma ayarinsu ya keta wannan daji cikin tsoro har ya kai ƙasar Zurmi. Zakkar nan tana cikin ƙasar Safana. Wanda ke son cikakken bayanin wannan zamani sai ya nemi littafin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, wanda aka buga a 1981.

Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne irin rayuwar da wannan hali ya ɗora wa doki. Garin da ke jiran hari ba ya sakin dawakinsa su yi kiwo a daji. Dole a ɗaure su a cikin ganuwa, a yanko musu ciyawa, a ba su dawa ko gero domin su yi ƙarfin ɗaukar barde da lifidinsa. In an yi yekuwa kuma, a ɗaura sirdi a yi ta sukuwa yini guda, wani lokaci ba ruwa. Doki na ƙwarai, ɗan Azbin ko ɗan Barno, kuɗinsa ya fi na bawa nesa ba kusa ba, kuma yawanci kyautar sarki ne ga baransa. Saboda haka mutuwarsa ba hasarar dukiya ce kaɗai ba, gurbi ne ya buɗe a cikin masu tsaron gari.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Doki

An halicci doki ne ya yini yana tafiya yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Tumbinsa ƙarami ne, bai cika ɗaukar abin da ya wuce lita 15 ba, hanjinsa kuwa ya kai kimanin mita 30, yana naɗe a cikin ciki, kuma babban hanjin yana da wata lanƙwasa inda yake tsukewa. Bugu da ƙari, doki ba ya amai. Abin da ya shiga, in bai fita ta baya ba, to ya zauna. Idan aka cika masa hatsi a lokaci ɗaya, hatsin yakan wuce babban hanji bai narke ba, ya tsima, iska ta taru, ciki ya kumbura. Idan busasshiyar harawa ko ƙaiƙayi ya ci, bai sami isasshen ruwa ba, sai abincin ya dunƙule a lanƙwasar nan ya toshe hanya.

Ƙasar Safana da Batsari ta tara kusan dukkan waɗannan dalilai. Da rani, ciyawa takan ƙare, a koma ga harawa da ingirici, ruwa kuma ya ja baya, har a riƙa tonon yashi a gulbin Bunsuru, alhali doki a lokacin zafi yana iya shan lita 40 ko fiye a yini. Ƙasar jigawa ce a wurare da yawa, dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiyar rairayi tare da shi, rairayin ya kwanta a hanji. Da saukar damina kuma sai a yi masa canji farat ɗaya, daga busasshe zuwa ɗanyen tsiro. Akwai kuma gyauron dawa, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kashe dabba. A yau an san guba ce a cikin sabon tohon.

Akwai dalili guda wanda ido ba ya gani. Wata irin tsutsa ce da doki ke ci tare da ciyawa, 'ya'yanta su huda hanji su shiga jijiyar da ke kai masa jini, su sa jinin ya daskare, wani sashe na hanjin ya mutu. Kafin fitowar maganin Ivermectin a farkon shekarun 1980, wannan tsutsa tana cikin manyan masu haddasa murɗa a duniya baki ɗaya.

Jiyya a Turke

A fadojin ƙasar Hausa akwai masu sarautar kula da barga, kamar Shamaki, amma ainihin sanin doki yana hannun yaran da ke kwana da shi. Su ne ke fara lura cewa ya ƙi taɓa dusarsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, yana miƙewa kamar zai yi fitsari. In abin ya yi tsanani sai gumi ya keto masa, ya faɗi ya yi birgima, ya tashi, ya sake faɗuwa. Mai ido yakan duba turke ya ga ko ya yi kashi tun safe, ya kuma kara kunne a cikinsa ya ji ko yana ƙugi. Cikin da ya yi tsit shi ake tsoro. A nan likitan zamani yakan ƙara da na'urar saurare da ƙidayar bugun zuciya: lafiyayyen doki tsakanin 28 da 44 a minti, wanda ya haura 60 kuwa yana cikin haɗari.

Matakin farko shi ne a janye abinci, a kama ragama a yi ta zagayawa da shi. Wannan dabara ce mai kyau, domin tafiya a hankali takan motsa hanji ta fitar da iska. Sai dai dalilin da ake bayarwa, wai birgima ce ke murɗe hanji, masana a yau sun fi ganin ba haka ba ne: zafin hanjin da ya riga ya sami matsala ne ke sa birgimar. Wanda ya kwana yana jan doki da bulala har ya galabaita, wahala ya ƙara masa.

Sannan sai ɗura. Kanwa ce kan gaba, domin dama tana cikin abincin doki na yau da kullum, ana jiƙa ta a dama da garin gero. Ana kuma amfani da ruwan tsamiya, da filasko, da man gyaɗa ko man shanu, duk domin ciki ya saki. Ɓawon maɗaci ma sananne ne a barga, kuma J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa a littafinsa na 1916, ya kawo amfanin irin waɗannan tsirrai a babban littafinsa na 1937. Wasu kan ƙara da lalas a kwiɓi, wasu da rubutu ko laya a wuya. Mai da ruwa suna da amfani ga cikin da ya toshe, amma yadda ake ba da su ne abin tsoro. Idan aka ɗaga kan doki sama aka tsiyaya masa ruwa yana fizge-fizge, musamman ta hanci, ruwan yakan kauce ya shiga huhu. Doki ya warke daga murɗa, bayan kwana uku ciwon huhu ya kashe shi, a ce ajali ne. Lalas kuwa ba ya isa hanji, zafi ne a kan zafi.

Ya kamata a faɗi wani abu game da sunan da wasu masu magani suka yi. Mafi yawan murɗa, kusan tara cikin goma, ba ta bukatar fiɗa, da yawa ma takan lafa da kanta. Saboda haka kowane jiƙo aka bayar zai sami shaidu. Ragowar, inda hanji ya naɗe ko ya mutu, ba jiƙon da ke ceto, kuma haka abin yake ga masu baiɗara na Misira, irin su Abubakar ɗan Badar da ya rubuta littafinsa a kan dawaki a ƙarni na 14.

Bayan Zuwan Turawa

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, hari ya tsaya, mutane suka koma kufai suka sake saran gonaki. Doki ya tashi daga kayan yaƙi ya zama abin rangadin hakimai, Yarima a Safana da Sarkin Ruma a Batsari, da abin hawan salla. Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) da ɗansa Usman Nagogo (1944-1981) sun ɗaukaka wasan folo da sukuwa, abin da ya sa kiwon doki bai mutu a Katsina ba. Ma'aikatar dabbobi, wadda ta fara a Zariya a 1914 ta koma Vom a 1924, hankalinta yana kan annobar shanu, haka ma shirin kiwo na Ruma da Kukar Jangarai da aka kafa a wajen Runka a shekarun 1960. Amma ta hanyarsu ne malaman dabbobi suka iso karkara da allurar kashe zafi, da siririyar roba da ake zurawa ta hanci har tumbi, a fitar da iska da ruwan da suka taru, a zuba man farafin ba tare da ya bi ta huhu ba.

Dokin hawan salla ya gaji matsalar dokin yaƙi, har da ƙari: wata da watanni yana ɗaure, ana gab da salla a dumbuza masa hatsi don ya yi kyan gani, sannan a yini a kansa cikin rana. Tun daga shekarun 2010 kuma mahara sun sake fitowa daga dajin Rugu, wannan karo a kan babura, suka kore dabbobi, suka hana yankan ciyawa a nesa da gari, suka sa malamin dabbobi ya riƙa shakkar fita ƙauye da dare.