Ƙwaryar Dakoro a Zauren Jami'a

Tun 1683 Jami'ar Oksfod ta Ingila ta buɗe gidan tarihi na Ashmolean, saboda haka ajiye kayan fasaha a jami'a tsohuwar al'ada ce. Gidan tarihi na ƙasa aikinsa nuna wa baƙo abin alfahari. Na jami'a kuwa aji ne, inda ɗalibi zai tsaya gaban abu ya tambaya: wa ya yi shi, da me, kuma don wa?

Tambayar farko ita ta fi wuya a ƙasar Hausa, kuma Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, ta isa misali. A nan gona ke ƙarewa makiyaya ta soma, Bahaushe manomi da Bafillace da Buzu suna cin kasuwa ɗaya. Ƙoren da matan Bororo ke jerawa ranar biki, da aikin fata na matan Buzaye, da sirdin raƙumi, duk suna da salon da masu shi ke ganewa da kallo ɗaya. Amma da zarar sun shiga akwatin gilashi sai a rubuta musu sunan ƙabila kawai, a kira su sana'ar hannu, a keɓe kalmar fasaha ga mai zane da fenti. Wannan rabo gadon mulkin mallaka ne, kuma a ganina jami'a ce ta fi cancanta ta rushe shi, tunda ita ke da ɗaliban da ke jin Fulatanci da Buzanci, waɗanda za su iya bin ƙwarya har rugar da ta fito.

An taɓa gwada irin wannan tawaye. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don haɗa dabarun Turai da zanen gida, shekara huɗu kafin kwalejin tasu ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A Yamai ma, gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ya ba maƙera da dukawa wurin aiki a harabarsa, mai kallo yana ganin hannun da ke yin abin.

Wani zai ce yankin da fari ke addaba ba ta ƙwarya yake ba. To, ai farin ne ke tilasta sayar da kayan gado da arha, roba kuma tana maye gurbinsu. Muna kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta tura ɗalibanta kasuwannin Dakoro da Sakabal, kuma kada ta karɓi abu ko ɗaya sai da sunan wanda ya yi shi.