Kiɗan okestira na Florence Price

Florence Beatrice Price (9 ga Afrilu, 1887 – 3 ga Yuni, 1953) mai tsara kiɗa ce Ba'amurkiya baƙar fata. Ita ce mace baƙar fata ta farko da wata babbar okestira ta Amurka ta kaɗa simfonin da ta tsara, a shekarar 1933. Okestira ƙungiya ce ta makaɗa masu yawa, da masu goge irin na Turawa da masu busa da masu ganguna, waɗanda ke bin kiɗan da aka rubuta a takarda ƙarƙashin jagora guda. Simfoni kuwa dogon kiɗa ne da ake tsara wa irin wannan ƙungiya, yawanci mai sassa huɗu. Price ta bar ayyuka fiye da 300, ciki har da simfoni huɗu, amma bayan mutuwarta an kusa mantawa da ita, har sai da aka tsinci tarin takardunta a wani kango a 2009.

Rayuwarta

An haife ta a Little Rock, jihar Arkansas. Mahaifinta likitan haƙori ne, mahaifiyarta kuma malamar kiɗa, ita ce ta fara koya mata piyano. Ta yi karatu a makarantar kiɗa ta New England Conservatory da ke Boston, ta kammala a 1906. Ta auri lauya Thomas J. Price a 1912. A 1927 iyalin suka yi ƙaura zuwa Chicago saboda tsanantar wariyar launin fata a Little Rock, inda a shekarar ce wasu gungun fararen fata suka yi wa wani baƙar fata kisan gilla a bainar jama'a. Bayan mutuwar aurenta a 1931, ta riƙe 'ya'yanta mata biyu da koyar da piyano da kuma kaɗa ogan a gidajen silima.

Simfoni na ɗaya

A 1932 simfoninta na ɗaya ya zo na farko a gasar Wanamaker, wadda aka shirya wa baƙaƙen fata masu tsara kiɗa, ta samu dala 500. Ranar 15 ga Yuni, 1933, okestirar Chicago ta kaɗa shi ƙarƙashin jagorancin Frederick Stock, a lokacin bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin. Maude Roberts George, shugabar wata ƙungiyar makaɗa baƙaƙen fata ta Chicago, ita ce ta tallafa da kuɗin shirya wasan.

Aikin ya fito ne tsakanin wasu biyu irinsa: simfonin William Grant Still da aka kaɗa a Rochester a 1931, da na William Dawson da aka kaɗa a Philadelphia a 1934. Masana tarihin kiɗa kan haɗa su ukun a matsayin farkon shigar baƙaƙen fata fagen simfoni a Amurka.

Salo

Price ta ɗauki tsarin simfoni na Turai ta zuba masa kiɗan mutanenta. Ana jin tasirin Antonín Dvořák, ɗan ƙasar Czech da ya zauna a Amurka, wanda tun a 1893 ya bayyana ra'ayin cewa a kan waƙoƙin baƙaƙen fata ya kamata a gina kiɗan ƙasar. Bambancin shi ne Dvořák baƙo ne da ya ji waƙoƙin daga bakin wasu, ita kuwa Price a cikinsu ta tashi.

A simfoni na ɗaya ba ta ɗauko waƙoƙin ibada na bayi kai tsaye ba. Ta ƙirƙiri nata karin ne a kan matakan sauti biyar, irin waɗanda waɗancan waƙoƙi suka fi amfani da su. A sashe na biyu, masu busa kayan tagulla suna rera wani kari mai kama da waƙar coci, ganguna na amsa musu a hankali.

Sashe na uku ya fi jan hankalin masana. A inda Turawa suka saba sa kiɗan rawa nasu, Price ta sa juba. Juba rawa ce ta bayi 'yan asalin Afirka a gonakin kudancin Amurka, wadda ake yi da tafi da bugun cinya da ƙirji da dire ƙafa. Jiki ne ya maye gurbin ganga, domin a wasu wurare an hana bayi mallakar ganguna, kamar yadda dokar South Carolina ta 1740 ta tanada bayan tawayen Stono. Price ta sake sa juba a simfoni na uku da na huɗu.

Sauran ayyuka

Daga cikinsu akwai Ethiopia's Shadow in America, wanda ke bin labarin bawa tun daga isowarsa Amurka, da The Mississippi River na 1934, inda ta saka waƙoƙin bayi na ainihi. Ta kuma tsara kiɗan piyano da okestira a 1934, da guda biyu na goge da okestira a 1939 da 1952. An fara kaɗa simfoni na uku a Detroit a 1940. Na biyu ya ɓata, na huɗu kuma, wanda ta rubuta a 1945, ba ta ji an kaɗa shi ba har ta mutu.

Mantuwa da sake ganowa

Nasarar 1933 ba ta buɗe mata ƙofofin manyan okestira ba. A 1943 ta rubuta wa Serge Koussevitzky, jagoran okestirar Boston, tana roƙon ya duba ayyukanta, ta kuma ambaci kasancewarta mace da baƙar fata a matsayin abubuwa biyu da ke tauye ta. Bai taɓa kaɗa aikinta ba. Yawancin manyan ayyukanta ba a buga su ba, sun kasance a rubutun hannu, kuma kiɗan da ba a buga ba yana da wuya wata okestira ta same shi.

A 2009 wasu ma'aurata da suka sayi tsohon gida kusa da St. Anne a jihar Illinois suka tarar da tarin takardu a ciki. Gidan hutun Price ne a dā. Cikin takardun akwai simfoni na huɗu da kiɗan goge guda biyu. Yanzu suna ajiye a Jami'ar Arkansas. An fara kaɗa simfoni na huɗu a 2018, shekarar da kamfanin G. Schirmer ya sayi haƙƙin buga ayyukanta. A 2022 faifan simfoni na ɗaya da na uku da okestirar Philadelphia ta yi ƙarƙashin Yannick Nézet-Séguin ya ci lambar Grammy.

Muhimmanci a tarihi

Masu sharhi sun sha bamban kan matsayin kiɗan. Wasu na ganin simfoni na ɗaya ya jingina da Dvořák sosai, kuma salonta ya tsaya kan na ƙarni na 19 a lokacin da wasu ke neman sabbin hanyoyi. Wasu kuma na nuna simfoni na uku a matsayin shaidar cewa ta samu muryar kanta.

Darajarsa ta tarihi ba a cika jayayya a kanta ba. Ayyukan shaida ne na rayuwar kiɗa da baƙaƙen fata suka gina a Chicago da coci-cocinsu da ƙungiyoyinsu da gasanninsu. Sun kuma sa an gyara labarin simfonin Amurka na shekarun 1930, wanda aka daɗe ana bayarwa ba tare da sunanta ba. Labarin takardun St. Anne ya zama misalin da masana ke kawowa na yadda bugawa da adanawa, ba ingancin aiki kaɗai ba, ke tantance abin da ya shiga tarihi.