Baƙin Gilashin Mota: Daga Kariyar Rana Zuwa Takardar 'Yan Sanda

A shekarar 2012, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton fuskar wani dattijo ɗan Amurka mai shekara 69, wanda ya shafe shekara 28 yana tuƙa babbar motar kai kaya. Ɓarin fuskarsa na dama ya yi daidai da shekarunsa. Na hagu kuwa, wanda yake wajen tagar direba, ya yamutse ya yi kauri, har mai kallo zai rantse fuskokin mutum biyu aka haɗa. Likitocin suka ce aikin rana ne, wani nau'in haskenta da ido ba ya gani, mai suna UVA, wanda yake ratsa gilashin gefe ko da an rufe shi ruf.

Direban da yake jigila tsakanin Kano da Maiduguri a watan Afrilu ba ya bukatar likita ya gaya masa haka. Tun 1972 da Najeriya ta sauya hannun tuƙi, direba a hagu yake zama, kuma hannunsa na hagu ne yake shan rana. Abin da ya sani shi ne, a manna wa gilashi baƙar leda a samu sauƙi, kuma gwargwadon baƙinta gwargwadon sanyinta. Wannan fahimta ta daɗe, ba kuma a nan kaɗai ba. Sai dai rabinta ne gaskiya, kuma masu sana'ar ledar gilashi sun kwashe fiye da shekara talatin kafin su raba duhu da sanyi.

Da farko ma ba zafi ne damuwar masu ƙera mota ba, yanka ne. Gilashin motocin farko irin na tagar gida ne, idan aka yi karo sai ya tarwatse ya zama wuƙaƙe. Wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, ya yi rajistar gilashi mai falle biyu da aka manna da wani abu a tsakiya a 1909, kuma a 1927 kamfanin Ford ya sa irinsa a gaban motarsa Model A. Har yau haka ake yin gilashin gaba, kuma wannan shimfiɗa ta tsakiya tana tare kusan dukkan UVA. Na gefe kuwa yawanci falle ɗaya ne da aka gasa ya yi ƙarfi, wanda yake farfashewa ƙanana-ƙanana idan ya fashe. Wani bincike da aka buga a 2016 a mujallar JAMA Ophthalmology ya auna motoci ya samu gilashin gaba yana tare kashi 96 cikin ɗari na UVA, na gefe kuwa kashi 71 a matsakaici. Shi ya sa fuskar dattijon nan ta lalace ta gefe guda.

Zafi ya zama magana ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurkawa suka shiga yayin faɗaɗa gilashi. Cadillac Eldorado ta 1953 ta fito da gilashin gaba mai lanƙwasa har gefe, sauran kamfanoni suka bi sahu. Na'urar sanyaya mota kuwa, duk da cewa Packard ya fara sa ta tun wajen 1940, sai mai hannu da shuni. Maganin da aka samu a lokacin shi ne a rina gilashin tun a masana'anta. Kamfanin Libbey-Owens-Ford yana da nasa mai suna E-Z-Eye, kamfanin PPG yana da Solex, dukkansu masu ɗan launin kore, saboda sinadarin ƙarfe da aka ƙara a narkakken gilashin yana shanye wani ɓangare na zafin rana. Wannan ɗan koren da ake gani a gilashin kusan kowace mota a yau, jikan waɗancan ne.

Ledar da ake mannawa ta zo daga baya. Sai da aka samu siririyar ledar foliyesta mai ƙarfi, irin Mylar ta kamfanin DuPont a shekarun 1950, sannan a 1966 kamfanin 3M ya samu rajistar ledar kare rana mai shafen ƙarfe. Tagogin ofisoshi aka fara nufa da ita, kuma tsadar makamashi da ta biyo bayan rikicin man fetur na 1973 ta buɗe mata kasuwa. Daga gine-gine ta gangaro kan motoci.

Wadda ta fi yaɗuwa a kan motoci ita ce mai rini, don ita ce mai araha. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar mota da gilashinta ya koma ruwan hoda-hoda mai shuɗi-shuɗi, ya yi ƙuraje kamar bayan kada, ya ga ƙarshenta. Rana tana cinye launin rawaya na rinin kafin sauran, gam ɗin kuma ya saki. Babban aibinta ma ba wannan ba ne. Hasken rana da yake isowa ƙasa, ƙasa da rabinsa ne ido yake gani. Kusan rabi zafi ne tsantsa da ba a gani, wanda masana suke kira infirared, sai ɗan ƙaramin kaso na UV mai ƙona fata da cinye kujeru. Rini yana tare wanda ake gani, ya bar yawancin wanda ba a gani ya wuce abinsa. Sai mutum ya zauna cikin duhu yana zufa.

Leda mai shafen ƙarfe ta fi ta aiki nesa ba kusa ba, don tana mayar da zafin waje, ba ta kuma koɗewa da wuri. Ta yi zamaninta. Abin da ya karya mata kasuwa ba a cikin sana'ar ya fito ba: wayar hannu ce, da na'urar nuna hanya, da eriyar rediyo da aka fara sakawa a jikin gilashin baya. Mota da aka lulluɓe tagoginta da ƙarfe tana raunana sigina, ga kuma ƙyalli irin na madubi da hukumomi a ƙasashe da dama ba sa so.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da ledar siramik. Sunan da aka fi dangantawa da farkonta shi ne Hüper Optik, wanda ya yi amfani da sinadarin titanium nitride, wato wannan shafe mai ruwan zinare da ake gani a bakin wasu ƙusoshin injin huda ƙarfe. Daga baya wasu kamfanoni suka zo da wasu sinadaran, ana niƙe su su yi ƙanƙantar da ido ba zai gani ba, a baza su cikin ledar. Aikinsu shi ne su kama infirared su bar hasken gani ya wuce, ba tare da sun taɓa sigina ba. Kamfanin 3M ya bi wata hanyar daban da ledarsa Crystalline, wadda aka jera siraran shimfiɗu fiye da 200 a cikinta, ba ƙarfe. Ko ta wace hanya, sakamakon ɗaya ne, kuma shi ne babban sauyi a tarihin sana'ar: yanzu ana iya samun ledar da kusan garau take, amma ta fi baƙar leda mai rini tare zafi.

To, ta ina baƙin gilashin bayan jif da bas ya shigo? Ta wata ƙa'idar Amurka. Dokar gilashin mota ta tarayya a can, mai lamba 205, ta ce duk tagar da direba yake bukata don gani dole ta bar aƙalla kashi 70 cikin ɗari na haske ya wuce. A ƙaramar mota, wannan ya haɗa da dukkan tagogi. Amma jif da bas da a-kori-kura an sa su a wani rukuni, an yarda tagoginsu na bayan direba su yi duhu. Da motocin iyali irin Dodge Caravan suka fito a 1984, jif-jif kuma suka cika titi a shekarun 1990, sai baƙin gilashin baya ya zama kayan masana'anta. Wannan ba leda ba ce. Launin a cikin jikin gilashin yake, ba a ɓare shi, sai dai a cire gilashin ɗungurungum.

Waɗannan motoci ne, Sienna da Highlander da Pathfinder da 'yan'uwansu, suke sauka a Legas da Kwatano bayan sun gama aiki a Amurka, su hauro Arewa. A nan kuma suka tarar da wata doka da aka yi da wani tunani daban. A 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 6 da ta hana duhunta gilashin mota ta yadda ba za a ga na ciki ba, sai da izinin Babban Sufeton 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Hukuncin shi ne tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A wancan lokaci naira dubu biyu kuɗi ne. Dokar ba ta ware wanda ya je ya manna leda daga wanda ya sayi motarsa a haka ba, kuma a nan rigimar shingen bincike take farawa. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, haka kamfani ya yi ta." Jami'i ya ce a nuna takarda.

Dalilin 'yan sanda ba na banza ba ne. 'Yan fashi da masu garkuwa da mutane suna son motar da ba a ganin cikinta, kuma ba Najeriya kaɗai take da wannan tsoro ba. Kotun Ƙolin Indiya ta haramta manna kowace irin leda a gilashin mota a 2012. A Birtaniya, gilashin gaba sai ya bar kashi 75 na haske, na gefen gaba kashi 70, na baya kuwa ba ruwan kowa. Bambancin shi ne, a Birtaniya adadi aka sa, ana aunawa da na'ura. A nan izini aka sa, izini kuma yana zuwa yana tafiya. A watan Yunin 2021 Babban Sufeto Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da shi. A 2025 Kayode Egbetokun ya dawo da shi ta intanet da biyan kuɗi, ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta garzaya kotu, ranar fara kame kuma ta yi ta matsawa.

Ba kowa ne yake neman baƙin gilashi don zafi ba, wannan ma a faɗe shi. Akwai magidancin da sutura yake nema wa iyalinsa a cikin cunkoso, akwai ɗan kasuwan da ba ya son a ga jakar da ke kujerar baya, akwai kuma wanda so yake a ɗauka wani babba ne a ciki. Waɗannan duhun suke saye, kuma takarda ta zama musu dole. Wanda zafi ne kaɗai damuwarsa, ledar siramik ta riga ta ba shi wata ƙofa, ko da yake da yawa ba su lura ba.

Mai jif ko bas da ya je shagon manna leda zai tarar da lambobi a kan kwali. VLT shi ne kason hasken da yake wucewa: 70 kusan garau, 35 matsakaici, 5 dare. Lambar da masu talla suka fi so ita ce ta tare infirared, 95 ko 99, amma sau da yawa a wani ɗan siririn zango na hasken aka auna ta. Wadda ta fi faɗin gaskiya ita ce TSER, jimillar zafin rana da ledar take hanawa shiga. Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa da shi. Duhu ninkawa yake yi. Idan gilashin baya na masana'anta yana barin kashi 20 aka ɗora masa leda mai 35, abin da zai rage kashi 7 ne, kuma ja da baya da doguwar mota cikin dare a unguwar da ba fitila sai an sauke gilashi. Leda mai 70 a kan gilashin nan za ta bar kashi 14, ta kuma ƙara kariyar zafi da UV da launin masana'anta bai cika bayarwa ba. Faɗin gilashin bas ko jif mai layi uku, balle mai rufin gilashi, ya sa bambancin ya fi fitowa a can baya, wurin yara, inda sanyin na'ura yake isa a makare.

Ledar siramik ba ta hana motar da aka ajiye a rana tun hantsi yin zafi. Shanye zafin take yi a jikin gilashi, iskar tafiya ta kwashe wani ɓangare, don haka a kan hanya amfaninta ya fi bayyana. Tana da tsada, kuma kasuwa cike take da mai rini da aka rubuta wa siramik a kwali. Shagunan kirki suna ajiye fitila mai zafi da na'urar awo su gwada a gaban mai saye. Bayan an manna ta daga ciki da ruwan sabulu, ana barin gilashin a rufe na 'yan kwanaki har ruwan ya bushe, kuma a lokacin damina bushewar tana ɗaukar lokaci fiye da na bazara.